Kaset-kaset ɗin bikin gidanmu: ya za a yi su koma waya da kwamfuta?

Maman Walida: Assalamu alaikum 'yan uwa. Shawara nake nema. Muna gyaran ɗakin Alhajinmu, Allah Ya jiƙan shi, sai ga kwali cike da kaset-kaset na bidiyo a saman wadirob. Akwai manyan nan na VHS, ya rubuta a jikinsu da biro: bikin Yaya 1994, dawowar Hajiya daga Makka, Hawan Daushe, sunan wane da wance. Akwai kuma ƙanana iri biyu, wasu an rubuta Hi8, wasu MiniDV. Bidiyon gidan ta daɗe da mutuwa, kyamarar ma ba mu san wanda ya ara bai dawo da ita ba. Hajiya tana son ta gani. Don Allah wa ya san yadda ake mayar da su waya ko kwamfuta?

Auwal Fagge: Wa alaikumus salam Anti. Allah Ya jiƙan Baba. Abu mai sauƙi ne ai. Ku ari bidiyo, ku jona da talabijin, ku kafa waya a gabanta ta ɗauka. Shi ke nan, ko sisi ba ki kashe ba.

Injiniya Nura: Auwal kar ka sa ta yi aikin banza. Wayar za ta ɗauko hasken taga a jikin gilashin, ta ɗauko layukan nan da ke hawa da sauka, ga kukan yara da ƙarar fanka a kan muryar mutanen da ake son ji. Wannan sai in babu wata hanya ko kaɗan.

Baba Habu Mai Gyara: Amin, Allah Ya yi masa rahama. 'Yata, kafin maganar waya da kwamfuta, ki fara duba kaset ɗin kansu. Ɗauki kowanne ki leƙa ta gilashin nan na tsakiya inda ake ganin zaren a naɗe. In kin ga fari-fari ko toka-toka a saman naɗin, fumfuna ce. Ki ware shi gefe cikin leda daban, kar a kuskura a sa shi a bidiyo. In aka sa, zai toshe hed ɗin, wato kan da ke karanta zaren, kuma duk kaset mai lafiya da ya biyo baya sai ya kwasa. Damina ce take jawo wannan, musamman a ɗakin da yake rufe. Zafi kuma nasa ɓarnar daban. Kaset ɗin da ya yi shekaru a saman wadirob ƙarƙashin kwano, ya sha zafin watan Afrilu na Kano shekara bayan shekara, zarensa kan manne da juna. Saboda haka ko wanda kika ga yana da kyau, a fara tura shi gaba har ƙarshe a dawo da shi baya, ya saki jiki, sannan a kunna.

Sai ki duba ɗan harshen nan na roba a bayan kaset na VHS. In yana nan, ki karya shi da kan makulli. Da zarar an karya, ko yaro ya danna jan maɓalli ba zai ɗauki wani abu a kai ba. Ƙananan kuma wani ɗan maɓalli ne ake turawa gefe. Na ga gidan da wasan ƙwallo ya hau kan ɗaurin aure saboda wannan.

Auwal Fagge: Baba to masu fumfunar ba sai a shanya su a rana ba?

Baba Habu Mai Gyara: A'a ɗana. Rana za ta lanƙwasa robar ta kuma gasa zaren. Buɗe shi ake yi, a goge zaren a hankali, kuma aiki ne na wanda hannunsa ya saba, da tsohuwar bidiyon da aka sadaukar don wannan kawai.

Abin da nake so ku gane ma, ba kaset ɗin ne ya fi ba ni tsoro ba, injinan ne. JVC ta fito da VHS tun 1976, kamfanin Funai na Japan kuma, wanda shi ne na ƙarshe da ya rage yana ƙera na'urar, ya daina a 2016. Tun daga nan babu sabuwa. Duk wadda za ka samu a Sabon Gari ko Alaba ta hannu ce, bel ɗinta ya saki, robar da ke jan zare ta bushe, giris ya daskare. Mu masu gyaran ma daga jikin matacciya muke cire kaya mu raya wata. Kaset da aka ajiye da kyau zai iya jiranka wasu shekaru. Na'urar ce ba za ta jira ba.

Injiniya Nura: Gaskiyar Baba. Maman Walida, aikinki kashi uku ne, kuma kowanne hanyarsa daban.

MiniDV shi ne mafi daɗi. Ya fito a 1995, kuma abin da ke kansa tun asali lambobi ne irin na kwamfuta. Ba juyawa ake yi ba, kwafa ake yi. A sami kyamarar MiniDV mai aiki, a jona ta da kwamfuta ta wayar FireWire, wadda Sony ke kira i.LINK, sai hoton ya shigo yadda aka ɗauke shi, ba abin da ya ragu. Awa ɗaya tana cin kusan giga 13. Matsalar ita ce laftof ɗin yanzu ba su da wannan ƙofar. Ko dai a nemo tsohuwar laftof mai ita, ko a sa wa kwamfutar tebur katin FireWire. Ku kula, akwai wata waya da ake sayarwa, kai ɗaya USB ɗaya FireWire. Ba ta aiki, kar ku jefa kuɗinku.

Hi8 kuma na Sony ne, 1989, ƙanen Video8 na 1985. Shi sai kyamara irin tasa. In aka yi dace da kyamarar Digital8, wadda ta zo a 1999, da yawa daga cikinsu suna karanta tsohon Hi8 su fitar da shi ta FireWire kai tsaye. Amma ba duka ba, sai an duba lambar kyamarar tukuna.

VHS shi ne mai wahala, don sai an sami bidiyo mai lafiya da ƙaramar na'urar da ke karɓar hoto daga wayoyin nan uku, rawaya da fari da ja, ta shigar da shi kwamfuta ta USB.

Auwal Fagge: Injiniya ai ba sai an nemi kyamara ba. Akwai wani babban kaset da ake buɗewa a jefa ƙaramin a ciki a sa a bidiyo. Da idona na gani a gidan kawuna.

Injiniya Nura: Ka gani, amma na VHS-C ne. Shi zarensa iri ɗaya ne da na babban VHS, gidan ne kawai ƙarami, shi ya sa yake shiga. Zaren Hi8 faɗinsa milimita 8 ne, na VHS rabin inci, kuma yadda ake rubuta hoto a kansu ma ba ɗaya ba ne. Ba a taɓa yin irin wannan gidan don Hi8 ko MiniDV ba. Duk wanda ya ce zai sayar maka, kuɗinka yake so.

Alhaji Ɗanladi Mai Kyamara: Kun taɓo inda yake min ƙaiƙayi. Ni na yi wannan sana'ar, da Panasonic M3000 a kafaɗa, yaro yana bina da fitila da doguwar waya, muna neman soket a gidan biki. Maman Walida, bari in faɗa miki abin da yaran nan ba su sani ba. Kaset ɗin bikin 1994 da ke hannunku, da wuya in shi ne na asali. Yadda muke yi, mu ɗauka a kyamara, mu koma shago mu jona bidiyo biyu, mu yanke abin yankewa, mu sa rubutun sunan ango da amarya da furanni suna juyawa, mu ɗora kiɗa. Abin da muke kai wa masu biki kwafi ne. Wanda aka ba dangi kuma kwafin kwafi. Kowane hawa hoton yana raguwa, launi yana zubewa, jan leshi ya malale ya shiga fuskar mai shi. In mai kyamarar yana raye ku neme shi, ko da yake gaskiya yawancinmu mukan sake ɗaukar wani bikin a kan na asalin, don kaset kuɗi ne.

Na biyu, ku duba ko an ɗauka a LP, wato tsarin da ke rage gudun zaren don kaset ya ci lokaci mai tsawo. Kaset E-180 awa uku yake ci, amma in masu biki suka ce kamu da wuni da kai amarya duk a kaset ɗaya suke so, sai a matse a LP ya ci awa shida. Irin wannan ba kowace bidiyo ce ke karanta shi lafiya ba. Za ki ga hoton yana rawa, ƙasansa yana yagewa, sai an yi ta wasa da tirakin, wato maɓallin daidaita hoto. Wani lokaci a wannan injin ya ƙi, a wancan ya zauna daram.

Maman Khalil: Ni dai shawarata kar ki ba kowane shago ki tafi. Na kai namu wani shago, aka ce in dawo bayan mako biyu. Da na koma aka ba ni faifan DVD, baki daban murya daban, mutane sun yi faɗi kamar an danne su, kuma rabin walimar babu. Na ce ina kaset ɗina a sake, yaron ya ce ai sun zubar tunda an gama. Har yau in na tuna sai raina ya ɓaci.

Injiniya Nura: Subhanallah. Faɗin nan da kika gani, sun ja hoton ne ya cika allon zamani, alhali tsohon bidiyo 4:3 ne, dole a bar baƙi a gefe da gefe. Rabuwar baki da murya kuma yawanci daga 'yan na'urorin USB ɗin nan masu arha ne da ake kira EasyCap. Zaren VHS ba ya tafiya daidai cif, in ya ɗan yi tangal-tangal sai na'urar ta zubar da wasu hotuna, sauti kuma ya ci gaba da tafiyarsa. Bayan awa ɗaya sun rabu. Masu aikin gaske suna sa abin da ke daidaita siginar a tsakani, TBC ake ce masa. Wasu kuma su bi da hoton ta cikin tsohuwar na'urar ɗaukar DVD ta Panasonic, irin ES10 ko ES15, tana gyara rawar sosai. Ki tambayi mai shagon da me yake aiki. In ya kasa bayani, ki ɗauki kwalinki.

Kuma a sani, kaset na awa uku awa uku zai ci, ba a gaggauta shi. In wuta ta ɗauke a tsakiya an koma baya, wani lokaci ma bidiyon ta riƙe zaren a ciki. Sai da inbata ko sola.

Gwaggo Asabe: Duk na karanta bayananku na inji, Allah Ya ƙara basira. Amma ba wanda ya taɓo abin da ya fi damuna. Maman Walida, kin san me ke cikin kaset ɗin bikin Yayarki? Kamu da sa lalle a cikin gida aka yi su, mata zalla, sai mai kyamara da aka yi wa izini don dole. Akwai waɗanda suka cire mayafi, akwai waɗanda suka taka rawa gaban masu kalangu, 'yan mata ne a lokacin, yau matan aure ne, wasu da surukai da jikoki. A da kaset ɗaya ne a gida ɗaya, in za a kalla sai an taru a falo, an san wa ke zaune. Yanzu kina mayar da shi waya, yatsa ɗaya ya isa ya kai shi duniya. Kuma yaron shagon nan zai zauna awa uku yana kallon matan mutane, sannan kwafi ya zauna a kwamfutarsa. Wa ya ba shi?

Auwal Fagge: Haba Gwaggo, abin shekara talatin? Wa zai damu da rawar 1994? Hoton ma dishi-dishi ne.

Gwaggo Asabe: Kai ba za ka damu ba tunda ba uwarka ce a ciki ba. Ka je TikTok ka ga yadda ake ɗora tsofaffin bukukuwa ana dariyar ɗaurin ɗankwali da kwalliyar mutane. Waɗannan da ake wa dariya 'yan uwan wasu ne.

Auwal Fagge: Allah Ya huci zuciyarki Gwaggo, ban yi nufin raini ba. Amma in aka bi wannan, sai a bar komai ya ruɓe a kwali. Muryar Baba tana ciki fa. Jikokinsa ba su taɓa jin ta ba.

Malam Sani: Ku duka biyun kuna da gaskiya, kuma ban ga inda maganganunku suka ci karo ba. Adanawa daban, yaɗawa daban. Abin da aka ɗauka a cikin gida amana ne, waɗanda ke ciki sun yarda ne a kan dangi za su gani, ba su yarda da duniya ba. A juya duka a ajiye. Wanda za a raba wa dangi kuma a zaɓa: ɗaurin aure, dawowa daga Makka, Hawan Daushe. Na cikin gida a bar shi hannun mai bikin.

Maman Walida: Gwaggo wallahi kin tuna min abin da ban kawo a raina ba. Kuma akwai wani abu, auren da aka yi wa bikin ma ya mutu tuntuni, Yaya tana gidan wani mijin yanzu. Ban san ko za ta so a tono ba.

Gwaggo Asabe: To kin gani. Wannan kaset ba naki ba ne, ba na Hajiya ba ne, nata ne. Ki kira ta ki tambaye ta, ke da ita, ba a zauren dangi ba.

Alhaji Ɗanladi Mai Kyamara: Ranki ya daɗe Gwaggo, ban ƙi taki ba, amma ko Yayar ta ce ba ta so, ni ina roƙon kar a lalata. A biki ɗaya za ki ga tsofaffin unguwa sun cika tabarma, yau in kika ƙirga waɗanda suka rage ba su cika hannu ba. Ga gidan kafin a rushe zauren a yi shaguna. Ana iya yanke wurin ango a bar sauran. Shi kuma na Hawan Daushe, in na zamanin Sarki Ado Bayero ne, wanda ya yi sarauta daga 1963 zuwa 2014, wannan ya wuce na gidanku kaɗai. Masu bincike irin na Arewa House a Kaduna abin da suke nema ke nan.

Gwaggo Asabe: Yankewar ma ai sai wani ya kalla ya yanke, Alhaji.

Injiniya Nura: Wannan yana da magani Gwaggo. Kayan aikin duka suna shiga jaka ɗaya, ana iya zuwa gida a yi a gabanku, a kan had-dis ɗinku, ba a kan kwamfutar mai aikin ba. Ko a nuna wa wata 'yar gidan, ba wuya: a jona, a buɗe manhajar ɗaukar bidiyo ta OBS, a danna ɗauka, a danna kunnawa. Na maza a kai shago in an ga dama, na mata a yi a ɗaki. In kuwa dole sai shago, a zauna a wurin, a tafi da kaset a ranar, a goge kwafinsu ana kallo.

Ɗan Damagaram: Sannunku da ƙoƙari. Ni a Zinder nake, tambayata daban. Na sa kaset ɗinmu a bidiyon da na sayo a Kano, hoto ya fito amma fari da baƙi, alhali na san mai launi ne. Ya lalace ke nan?

Baba Habu Mai Gyara: Bai lalace ba ɗana. A zamanin kaset, tsarin launin talabijin da Nijar take bi shi ne SECAM irin na Faransa, Najeriya kuma PAL. Kaset na SECAM a bidiyon PAL haka yake fitowa, ba launi. Ka nemi bidiyon da aka rubuta PAL da SECAM da NTSC na Amurka duka a goshinta, irin waɗanda alhazai suka riƙa shigowa da su daga Saudiyya da Dubai.

Yaya Bala Houston: Irin wannan ta same ni ta ɗaya ɓangaren. Na zo da kaset ɗin gida nan Amurka, shagunan nan NTSC suke aiki da shi, kaset ɗinmu na PAL bai karantu a injinsu ba. Waɗanda na ɗauka a nan na aika gida kuma su ma sai an sami injin da ya san NTSC. Shawarata kowane kaset a juya shi a ƙasar da aka ɗauke shi, ya fi sauƙi.

Injiniya Nura: Haka ne Yaya. Ƙarin bayani ga Ɗan Damagaram: na'urar USB ɗin ma sai an saita ta a kan tsarin da ya dace, in ba haka ba ko bidiyon ta fitar da launi kwamfuta ba za ta gani ba. PAL da SECAM hoto 25 ne a daƙiƙa, girman 720 da 576. NTSC kusan 30, girman 720 da 480. A ɗauka a yadda yake, kar a ce sai an kumbura shi ya zama HD.

Auwal Fagge: To ai yanzu akwai manhajojin AI da ke wanke tsohon hoto ya dawo tas.

Maman Khalil: Ɗana ya gwada da hoton mahaifiyata. Wata mata ce ta fito, kyakkyawa, amma ba ita ba ce. Har tsagen fuskarta ya shafe.

Injiniya Nura: Abin da yake yi ke nan, inda bai gani ba sai ya ƙirƙira. Wanda yake so ya yi wasa da shi ya yi a kan kwafi. Babban fayil na asali a bar shi yadda ya fito, a fitar da ƙarami na MP4 da manhajar HandBrake don waya. Kuma wanda aka tura ta WhatsApp ba ajiya ba ne, matse shi yake yi. Filash ma ba wurin ajiya ba ne, yana ɓata, yana mutuwa ba sallama, kuma in tsarin FAT32 ne ba ya karɓar fayil da ya wuce giga 4. A sa a had-dis biyu, ɗaya a gidanku ɗaya a gidan wani ɗan uwa a wata unguwa. Google Drive yana ba da giga 15 kyauta, zai ɗauki ƙananan, amma na matan nan ni ba zan ɗora ba sai masu shi sun sani. Kaset ɗin kuma a mayar da su gidajensu, a jera su a tsaye a ɗaki mai sanyi, nesa da lasifika saboda maganaɗisu.

Gwaggo Asabe: Ranar da za a kunna wa Hajiya, wata ta zauna kusa da ita da littafi. Duk fuskar da ta wuce a tsayar a tambaye ta wace ce, 'yar wa ce, a rubuta da mintin da ta fito. Ku yaran yanzu rabin mutanen ba za ku gane su ba.

Ɗan Damagaram: Baba Habu, in na sami bidiyon mai tsari uku, me zan duba kafin in biya?

Baba Habu Mai Gyara: Ka tafi da kaset ɗin da ba ka damu da shi ba, kar ka gwada da na gida. Ka sa, ka bar shi ya yi kamar minti goma, ka tura gaba, ka dawo baya, ka fitar. Sai ka ɗaga murfin gaban kaset ɗin ka dubi zaren. In gefensa ya lanƙwashe ko ya tattare, ko ka ga zare ya leƙo waje lokacin fitarwa, injin yana tauna, ka bar musu kayansu. Ka tabbata da rimot, don wasu tirakin ɗinsu a rimot kawai yake. Sannan ka tafi da naka na SECAM guda ɗaya, bayan ta ci jarrabawar farko ka sa shi ka ga launi da idonka kafin kuɗi ya bar aljihunka.